Futurama da ire-irensa: dariyar 1999 tana nan kuwa, ko ta yi tsami?

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na samu hutu, sai na ɗauko tsofaffin Futurama na fara daga kashi na ɗaya. Rabona da su tun ina jami'a, lokacin da faifai ɗaya yake zagaye ɗakuna goma har ya kakkarce. Ga wanda bai san shi ba, katun ne na Amurka da Matt Groening, mai The Simpsons, ya fito da shi a tashar Fox a watan Maris na 1999. Labarin Fry ne, saurayi mai kai wa mutane fiza gida, da ya faɗa cikin wata na'urar daskarewa a daren ƙarshe na 1999, bai farka ba sai bayan shekara dubu. Da duniyar shekara ta 3000 suke yi wa duniyarmu ba'a.

Abin da na gani ya rabu biyu. Wani kashin na yi dariya har matata ta leƙo. Wani kuwa na zauna ina kallon allo, na san a nan aka so in yi dariya, amma ba ta zo ba. Shin irin waɗannan katun na ƙagaggen labarin kimiyya masu ba'a suna jure wa shekaru kuwa? Ko kamar kunu suke, a sha da zafi?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni an haife ni bayan an fara shirin, kuma na kalle shi duka a waya. Ban ga tsufa ba. Dubi mutum-mutumin nan abokin Fry. Bender dai Bender ne.

Abban Sadiƙ:
To ƙanena, bari in tambaye ka. Kan mutumin nan da ke cikin kwalba, shugaban duniya, mai kumatu da muryar gurnani, ka san ko waye?

Ɗan Auta:
Nixon. Da na fara kallo na ɗauka ƙirƙirarsa suka yi. Sai daga baya na gano tsohon shugaban Amurka ne na gaske.

Abban Sadiƙ:
Abin da nake nufi ke nan. Richard Nixon ya sauka daga mulki a 1974 saboda badaƙalar Watergate, ya mutu a 1994. Marubutan shirin sun tashi da haushinsa a gidajensu. Billy West, wanda yake yin muryarsa, shi ne kuma muryar Fry da Farfesa da Zoidberg, mutum ne da ya rayu a zamanin mulkinsa. A wurinsu mayar da Nixon kan mulki bayan shekara dubu magana ce mai ɗaci: Amurkawa ba sa koyon darasi. Kai kuwa kan wani tsoho mai masifa kawai ka gani. Rabin maganar ta zube a hanya kafin ta iso gare ka.

Malam Na-Zazzau:
Ku ba ni dama in sa baki, don abin da kuke ja a kai yana da suna a wurinmu tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Makaɗanmu sun bambanta zambo da habaici. Zambo, za a siffanta mutum ƙarara, tsayinsa, tafiyarsa, abin kunyar da ya yi, yadda duk wanda ke fada a ranar ya san da wa ake. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa, hali ake suka, mai halin shi ya san kansa. Ɗauki tsohuwar waƙar fada ka saurara yau. Baitocin zambon da suka sa fadawa faɗuwa da dariya, sai an samo dattijo ya yi maka bayanin wane ɗan sarki ne ya nemi sarauta ya rasa. Habaicin kuwa yana nan da kaifinsa, domin mai hassada da mai kwaɗayi ba su ƙare ba.

Haka na ga Futurama. Inda suka yi zambo, suka kama sunan wani tauraro ko wani kamfani na shekarar, nan ne ya tsufa. Inda suka yi habaici ga ɗan Adam, bai tsufa ba. Shi ya sa Ɗan Auta ya ce Bender dai Bender ne, kuma gaskiyarsa. Mutum-mutumin ƙarfe ne, amma halin Gizo gare shi: ƙarya, sata, son banza, cika baki, ga shi kuma ba ka iya tsanarsa. Kakanninmu sun yi ta ba da labarin Gizo ba tare da sun ambaci sunan sarkin zamaninsu ba, ga shi har yau yara suna dariya.

Ummu Hanan:
Malam, Allah Ya ƙara basira, wannan rabon ya zauna mini. Ina da misalin da ya yi daidai da shi. A 2010, bayan shirin ya dawo a tashar Comedy Central, sun yi wani kashi a kan wayar da ake cusa wa mutum a ido, suna yi wa iPhone da Twitter ba'a. A cikinsa akwai wani maruru mai waƙa da ya fito wa Leela, matuƙiyar jirginsu, wanda aka yi don tsokanar Susan Boyle, matar nan 'yar Sikotilan da ta yi tashe a gasar nuna baiwa ta Birtaniya a 2009. Yau in ka nuna wa yaro wannan, ƙazanta kawai zai gani. Ni ko a lokacin ma bai yi mini daɗi ba, baiwar Allah ba ta yi wa kowa laifi ba, kamanninta kawai aka bi. Amma a cikin kashin nan dai, mutane sun yi dogon layi suna rububin sayen abin da bai wadace su da komai ba, kamfani yana kwashe bayanansu, kowa yana neman mabiya ko da tona asirin abokinsa ne. Wannan ɓangaren ya fi dacewa da yau fiye da 2010. Kashi ɗaya, rabi ya mutu, rabi yana ƙara ƙarfi.

Injiniya:
Na yarda da Malam, amma ba duka ba. Akwai zambon da yake mutuwa ya sake tashi, kuma wannan sai a labarin kimiyya kake samunsa.

A 2001 sun yi kashin da Fry ya sauko da siffa da halayen 'yar fim Lucy Liu daga intanet, ya ɗora wa wani mutum-mutumi, ya mai da shi budurwarsa. Abin da suke tsokana a lokacin shi ne Napster, dandalin da matasa suke kwasar waƙoƙi kyauta, wanda shari'a ta durƙusar da shi a shekarar. Bisa ma'aunin Malam wannan zambo ne tsantsa: sunan kamfani, sunan tauraruwa. Da ka kalle shi a 2012 sai ka ce ya tsufa, wa yake tuna Napster? To kalle shi yau. Mutane suna hira da ƙirƙirarriyar basira kamar masoyi, ana ɗaukar fuskar mace a ɗora a bidiyon da ba ta san da shi ba. A 2023 'yan fim na Hollywood sun yi yajin aiki na kusan wata huɗu, kuma cikin manyan buƙatunsu akwai hana kamfanoni kwafar fuska da muryarsu ba da izini ba. Marubutan sun nufi Napster, kibiyar ta wuce ta, ta je ta sami abin da ba a ma ƙirƙira ba tukuna.

Haka tallan da ake watsa wa mutane cikin mafarki a zangon farko. A 1999 wuce gona da iri ne. Yau ka yi maganar takalmi, ka buɗe waya ka ga tallan takalmi, sai abin ya daina kama da wasa.

Malam Na-Zazzau:
Injiniya, ai ba mu saɓa ba. Sunan Napster ya mutu, kuma ya mutu ke nan. Abin da ya tashi shi ne habaicin da ke ƙarƙashinsa: mutumin da ya gwammace hoton da ba zai yi masa gardama ba a kan mace mai rai da ra'ayinta. Rigar ce ta tsufa.

Injiniya:
A'a Malam, a nan ina da ja. Ba hali kaɗai ba ne, na'urar ma sun hango. Labarin Gizo ba ya hasashen abin da za a ƙera. Waɗannan suna ɗaukar wata fasaha da ke jaririya su ja ta zuwa ƙarshenta, kuma da yawansu sun san abin da suke yi. David X. Cohen, wanda suka gina shirin tare da Groening, kimiyyar fiziks da ta kwamfuta ya karanta. Ken Keeler yana da digirin digirgir a lissafi daga Harvard, har ya zauna ya tabbatar da wata ƙa'idar lissafi sabuwa saboda wani kashi na 2010 inda mutane suke musayar jiki, don a nuna yadda kowa zai koma jikinsa in aka ƙaro mutum biyu. Ko kuɗin Fry na banki: santi 93, da ruwan kashi 2.25 cikin ɗari a shekara, tsawon shekara dubu. Sun ce ya zama dala biliyan 4.3. Na buga da kaina, haka ne. Dariyar da aka gina a kan lissafi na gaskiya ba ta da ranar lalacewa.

Baƙo daga Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Mu a nan da fassarar Faransanci na fara ganinsa, kuma wannan ya ba ni wani ma'auni. Duk wasan da ya dogara da kalmar Turanci, ko sunan wani mai gabatar da shiri a Amurka, ya riga ya mutu tun a bakin mai fassara. Ban jira shekara ashirin ba. Abin da ya tsallako shi ne Hermes, ma'aikacin da ke kula da takardun kamfanin su Fry, da ofishinsa. Akwai kashin da suka je babbar hedikwatar ma'aikata, layin mutane ya miƙe har wani ya tsufa yana jira, takarda tana neman takarda, tambari yana neman tambari. Wallahi ranar ban ga Amurka ba, na ga kaina riƙe da fayil ina jiran sa hannu. Don haka ni a ganina, abin da ya iya tsallaka harshe shi ne zai iya tsallaka shekaru. Gwaji ɗaya ne.

Abban Sadiƙ:
Wannan magana ta Baƙo ta shige ni. Mu ma ai ba don mu aka rubuta shi ba. Tun ran farko muna kallonsa ne kamar mutanen da suka zo bayan shekara hamsin.

Hajiya Babba:
Ku yi haƙuri in katse ku. Na ga ana ta yabo, kada wata uwa ta karanta ta ce katun ne ta kunna wa yara. Ba Tom and Jerry ba ne. Bender giya ce abincinsa, akwai maganganun manya, akwai shigar da ba ta dace ba. Rick and Morty kuwa, wani katun ɗin Amurka irinsa, ya fi shi nesa ba kusa ba. Na taɓa samun jikana ɗan shekara tara da shi a waya, wai a shagon tura finafinai aka zuba masa cikin katun na yara.

Ummu Hanan:
Gaskiya ne Hajiya, Allah Ya saka. Na manya ne, kuma ko babba ya san abin da zai tsallake.

Tunda an zo nan, akwai wani irin tsufa da ba a taɓo ba. Ba wai ba a gane dariyar ba, an gane ta sarai, amma ta koma abin jin nauyi. Ku dubi The Jetsons na 1962, kakan duk waɗannan. Sun sa labarin a 2062. Sun hango kiran waya na bidiyo, sun hango mutum-mutumi mai aikin gida, sun sa motoci suna tashi sama. Amma a buɗewar shirin, miji zai miƙa wa matarsa Jane kuɗi, ta fizge walat ɗin gaba ɗaya ta nufi kanti. Sun iya tunanin gida a saman gajimare, ba su iya tunanin mace ta wuce mai kashe kuɗin miji ba. Futurama ma bai tsira ba. Leela ce mai hankalin cikinsu, ita ce matuƙiyar jirgi, amma sau nawa aka mai da ita abin da za a yi ta nacin nema har ta gaji ta yarda? Abin da marubuci ya zauna ya hasaso game da gobe yakan daɗe. Abin da ya ɗauka a matsayin haka duniya take, bai ma tsaya ya duba ba, shi ne yake tona shekarunsa.

Ɗan Auta:
Anti, to Rick and Morty fa? Ni a wurina ya fi Futurama kaifi. Kuma tun Disamba 2013 ake yinsa, bai mutu ba.

Abban Sadiƙ:
Kaifi kam akwai. Zango biyu na farko na kalle su da ɗoki. Amma bari in faɗa maka abin da ya same ni. Ƙashin bayan shirin shi ne Rick, dattijo masanin kimiyya kuma kakan Morty, ya fi kowa ilimi, ya ga duniyoyi marasa iyaka, don haka ya yanke cewa babu abin da ke da daraja, har iyali. Ina ɗan shekara ashirin da wani abu wannan ya yi mini kama da zurfin tunani. Yanzu na yi jana'izar mahaifina, na kwana a asibiti da ɗa a hannu. In na ji wannan maganar sai in ji ta kamar ta yaron da rayuwa ba ta taɓa ba tukuna. Shirin bai canza ba, ni ne na wuce wurin.

Ɗan Auta:
Yaya, Allah Ya jiƙan Baba. Amma a nan ban yarda ba. Shirin ba ya cewa Rick daidai yake. Ana nuna shi cikin kaɗaici, ya rusa 'yarsa, ya rusa jikokinsa. Ko kashin da ya mai da kansa kokwamba mai tsami, wanda ya ci kyautar Emmy a 2018, duk don ya guje wa zaman sulhun iyali ne, kuma a ƙarshe likitar ta faɗa masa gaskiya a fuskarsa. Masu kallo ne suka ɗauki Rick gwarzo.

Injiniya:
Ɗan Auta ya faɗi gaskiya, kuma nan ne matsalar take. A Afrilun 2017 Rick ya yi sambatu a kan wata miyar dangwale ta McDonald's da aka yi a 1998 don tallan wani fim. Ba'a ce ga mutumin da ya rasa abin so a duniya sai miya. Da Oktoba ta zo, kamfanin ya fito da ita kaɗan na kwana ɗaya, masoya shirin suka cika shaguna suna ihu, suna zagin ma'aikata, har aka kira 'yan sanda a wasu wurare. Waɗanda ake yi wa habaicin su ne suka fi kowa tafi. Yanzu duk wanda ya san wannan labarin ba zai iya kallon kashin da idon farko ba.

Malam Na-Zazzau:
Wannan kuma tsohon ciwo ne. Maroƙi yakan yi wa mutum habaici a gabansa, mutumin ya ciro kuɗi ya liƙa masa.

Injiniya:
Bari in ƙara ɗaya, don shi ya fi damuna. Wani lokaci ba lokaci ne yake kashe ba'a ba, kuskure ne. A 2006 masu South Park, wani katun ɗin ba'a na Amurka, sun yi wa Al Gore, tsohon mataimakin shugaban Amurka mai faɗakarwa kan ɗumamar yanayi, dariya, suka nuna shi yana gargaɗi a kan wani dodo da babu shi, ma'ana ɗumamar yanayi tatsuniya ce. A 2018 su da kansu suka dawo suka nuna dodon gaskiya ne, yana kashe mutane, yaran da ke cikin shirin suka je suna ba Gore haƙuri. Futurama kuwa tun 2002 sun yi kashin da duniya take maganin zafi ta hanyar jefa ƙaton ƙanƙara cikin teku lokaci-lokaci, kowane karo sai an ƙara girmansa. Gore da kansa ya yi muryarsa a ciki, 'yarsa Kristin ma tana cikin marubutan shirin. Kafin nan a 1999 akwai tulin sharar da aka harba sama, ta dawo za ta faɗo musu, maganin da suka samo shi ne su dunƙula wata sharar su harba ta ture ta farko, 'yan baya su ji da ita. Duk wanda ya ga yadda Tafkin Chadi ya janye, ko ya ga kwata cike da leda ranar da aka yi ruwan farko, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan dariyar.

Ummu Hanan:
To ni abin da ya ba ni mamaki, sababbin Futurama da aka dawo da su a dandalin kallo na Hulu a 2023 sun fi na 1999 saurin tsufa. Kashi a kan Bitcoin, kashi a kan korona da rigakafi, a 2024 kuma kashi a kan hotunan NFT, wato hotunan intanet da ake saye da sayarwa, bayan kasuwarsu ta riga ta faɗi.

Injiniya:
Dalilin a aikin yake. South Park suna haɗa kashi cikin kwana shida, abin da ya faru ran Alhamis yana iya shiga shirin Laraba. Futurama ana rubutawa, a ɗauki murya, a tura zanen Koriya ta Kudu, a dawo da shi a gyara, watanni masu yawa ke nan. In ka bi labarin da ke tashe, kafin ka iso kasuwa ta watse. A zangunan farko ba su cika bin labarin mako ba, shi ya cece su.

Abban Sadiƙ:
Na karanta duka, kuma akwai abin da ban faɗa ba a farko. Kashi biyun da suka fi kama ni a wannan kallon ba dariya ce ta kama ni ba. Ɗaya na karen Fry ne, wanda ya zauna a ƙofar shagon fiza shekara goma sha biyu yana jiran ubangidansa. Ɗayan kuma na yayansa ne, Yancy. Fry ya ga alamun cewa bayan ɓacewarsa yayan ya sace sunansa, ya sace ganyen sa'arsa, ya yi rayuwar da shi ya yi mafarki. Ya tafi maƙabarta cike da haushi zai tone kabarin. Sai ya share rubutun dutsen ya ga ashe ba yayan ba ne, ɗan yayan ne. Yancy ya haifi ɗa ya mayar da sunan ƙaninsa da ya ɓata.

A jami'a na kalli wannan na wuce. Wannan karon sai da na tsayar da shi na fita waje. Sadiƙ ɗina sunan ƙanena ne da ya rasu yana aji biyar na sakandare. Mahaifiyarmu har yau ba ta iya kiran sunan, Takwara take ce masa.

Hajiya Babba:
Allah Ya jiƙansa, Ya raya takwaransa, Ya sa ya gaji alherinsa.

Malam Na-Zazzau:
Amin. Allah Ya ba Inna haƙuri.

Ɗan Auta:
Amin Yaya. Na kalli wannan kashin amma ban riƙe shi ba, na fi tuna wurin da Bender yake satar kayan kabari. A wane zango yake? Ina so in sake kallonsa yau da dare.

Abban Sadiƙ:
Zango na uku, na 2001. Ka kalle shi kai kaɗai, kada ka haɗa da danna waya.